Yatsun da Na'ura Ta Ƙi Gani

Yayana kafinta ne, yau shekara talatin da huɗu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin girarsa babu garin katako ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layinmu, taga ɗaya, benci ɗaya, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Duk unguwa Kafinta ake ce masa, har marigayiya matarsa in ranta ya ɓaci. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, ni kaɗai kuma nake gaya masa gaskiya, shi ya sa ba ma minti goma ba mu yi cacar baki ba.

Yana da wata ɗabi'a wajen aiki. Sauran kafintoci suna naɗa samfefa, takardar nan mai kaushi, a jikin guntun itace su gurji katako. Shi kuwa ninke ta yake yi, kaushi gaba da baya, ya danne da kan yatsunsa ya goga, ya shafa, ya sake gogawa. Wai ido ba ya ganin kaushi, sai yatsa.

'Yarsa Auta nas ce a wani ƙaton birni na masu magana da Sifaniyanci. Shekara shida rabonsa da ita. Da ta haihu sai ta aiko masa da takardar gayyata mai wa'adin wata uku, daidai da hutun haihuwarta. Ta ce, "Baba, ka zo ka ga jikanka kafin in koma aiki."

Kai, ban taɓa ganin shiri irin nasa ba. Ya yi fasfo, ya yi allurar rigakafi, ya yi kwafin kowace takarda har uku ya raba a jaka daban-daban. Ya sayi kan caja irin na soket ɗinsu. Da Auta ta ce akwai 'yan sane a jirgin ƙasan birnin, tela ya sa ya ɗinka masa aljihu a cikin singileti. Ya rubuta adireshinta a kati ya sa aka manne da leda. Ya haddace yadda ake cewa na gode da ina ne makewayi, yana maimaitawa yana buga ƙusa. Na ce, "Yaya, da wannan bakin naka ko su masu yaren sai sun nemi tafinta."

Ranar neman biza na raka shi. Ofishi ne mai sanyi, kujeru a jere, kowa rungume da fayil. Wata ma'aikaciya ta bayan gilashi ta duba takardunsa ta ce komai ya cika, saura ɗaukar zanen yatsu. Ya ɗora hannu a kan na'ura, ta yi ja. Ya goge a wando ya sake, ja. Ta leƙo ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?" Da ya buɗe tafinsa ni ma na duba. Kan yatsun nan sumul kamar bayan cokali.

Ta ce zanen yana dawowa in an huta. Ta ba shi wata rana bayan sati biyar, ta ce kada ya taɓa aiki, ya dinga shafa mai.

Na rufe shagon da hannuna na tafi da makulli. Na kai masa man shafawa da safar hannu. Sai ga Yaya zaune a tsakar gida, hannaye a kan gwiwa, yana kallon bango. Mutumin da bai san zama ba! In ya ji ƙarar zarto daga wani layin sai ya tashi ya zaga ya dawo. Ƙofar kicin ta fara ƙara, ya dinga hararta kamar ta zage shi. Wallahi ya ba ni tausayi, amma ban nuna masa ba. Kullum da safe nakan riƙe hannunsa a hasken rana in duba. A sati na huɗu layuka sirara suka fara fitowa, muka yi ta murna kamar an yi mana bushara.

Saura kwana shida mu koma ofishin, Auta ta kira ta bidiyo. Yaron yana cinyarta, yana ta danna wani abin wasan roba a baki. Yaya ya zuba wa abin ido. Da aka kashe waya ya ce, "Jikan kafinta da roba a baki? Kuma in je masa hannu biyu?"

Na ce, "Kai kanka ne tsarabar. Zauna."

Ashe yana da wani makullin. Kwana uku ina wurin aiki yana shago, yana sassaƙa ɗan zoben katako mai ƙwallaye uku a jiki. Ya rantse mini da safar hannu ya fara. Amma abin da jariri zai sa a baki, ta yaya zai yarda da safa? Ya cire, ya ninke samfefa ya bi kowane lungu.

Muka koma ofishin. Na'ura ta yi ja sau biyar. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce babu gurbi sai bayan wata huɗu, kuma kafin nan takardar gayyatar ta daina aiki. A baranda na zazzage masa duk abin da ke bakina, har mai gadi ya matso. Ni ce ma na ɓige da kuka.

Zoben ya tafi ta gidan waya, kwana goma sha ɗaya ya isa. Auta ta kira, ga yaron ya damƙe shi da hannu biyu yana ta dasa masa dasashi, miyau har wuya. Ta ce, "Baba, a kan wannan ka fasa zuwa? Jibi fa zan koma aiki."

Yaya ya matso da fuska dab da wayar, ya daɗe yana kallon bakin yaron.

Ya ce, "Auta, shafa mini zoben ta ciki. Babu inda ya yi kaushi, ko?"