Kunnen Ɗan Yayata

Da yayata ta haihu, gidanmu ta zo wankan jego a Tudun Wada. Ni lokacin na watsar da boko, ina jan Keke Napep. An haifi yaron da kunnen dama a naɗe, samansa ya rufto kamar ganyen da ya yi yaushi. Nas ɗin asibitin da aka haife shi ta ce yana ji sarai, halitta ce kawai. Ta ce a dawo da shi cikin sati biyu, tun guringuntsin na da laushi, a sa masa wata 'yar roba ta miƙar da shi.

Gwaggo, wadda ke kula da jegon, ta ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in.

Na ce, "Haba Gwaggo, ga keke a ƙofa, yanzu za mu dawo."

Ta ce, "Kai da aji uku ya gagare ka, yau kai ne likita? Uwarsa ce ta ja kunnen akuya tana da ciki."

Maganinta shi ne ta tauna goro, ta tofa a hannu, ta cuɗa da tsohon man shanu, ta murje kunnen. Ɗaki duk ƙarni, ƙudaje na bin yaron. Wallahi sai da na daina cin abinci a gidan.

Washegarin arba'in na kai su. Likita ya taɓa kunnen, ya ce ya riga ya yi tauri, sai dai tiyata in ya girma. Yaya ta yi ta kuka a hanya. Muna shiga gida Gwaggo ta ce, "To, ba ga shi ba? Asibitin ma sun kasa."