Na Dawo da Kai Gida, Yaya Kipli

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana Kipli bin Jemali a asibiti a Kuching, 'yan kwanaki bayan dawowarmu daga Sambas. Da safiyar Laraba aka yi masa sutura.

Yaya, ni ba mai dogon karatu ba ne, a sakandare na tsaya, kuma duk Kuching an san ni Morshidi da gumina na gina garejina. Amma famfon iska na farko da na fara faci da shi a bakin titi, kekenka ka sayar ka kawo mini, ka koma tafiya kasuwar kifi a ƙasa. Ba ka taɓa goranta mini ba. Kowace Juma'a akwai gidajen zawarawa a unguwarmu da kifi ke shiga ba su aika ba. Ranar jana'izarka na ga matan, sun fi yadda nake zato yawa.

Abu ɗaya muka yi ta jayayya a kai tun muna yara, wato kempunan. Kowa a nan ya san idan aka miƙo maka abinci ba ka da halin ci, sai ka taɓa shi da yatsa ka kai baki kafin ka fita, in ba haka ba masifa ta bi ka hanya. Ni na ce camfi ne, malamai ma sun faɗa. Kai kuwa ko shayi aka kawo kana sauri, sai ka dangwala. Ka sha dawo da ni daga ƙofar gida da kunne saboda tukunyar shinkafa.

Da ka ce kana son ganin Sambas, garin mahaifiyarmu a Indonesiya, tun kana da ƙafa, na ce a motata za mu. Tsohuwar bas ce na mayar da ita ɗaki da hannuna, da gado da murhu da tankin ruwa. Ka kwanta a gadon ka miƙe ƙafafu, ka ce, "Injiniya ba takarda, wannan gado ne ko makara? Kamar ka auna ni." Matarka Norlia ta ce ka daina irin wannan wasa. Matata Hasmah ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Bayan mun tsallake iyaka, mata sun sauka sayen ayaba, ka matso kusa da ni. Ka ce in yi maka alkawari ko me ya faru in mayar da kai gida, domin kusa da kabarin mahaifiyarmu a Kuching kake son kwanciya. Ka ce dangin Sambas ba sa kwana da gawa, kuma tsallako da mamaci aiki ne na kwanaki. Na ce wa ya yi zancen mutuwa? Ka ce kai dai in yi. Na yi.

A can ka zaga ko'ina. Ka daɗe zaune a bakin kogi. Ka cire hularka ka ba wani tsoho, ka bar wuƙar da kake gyaran kifi da ita a gidan Inna Rukiah, ƙanwar mahaifiyarmu, ka ce ta fi ka buƙata. Norlia tana kallo, tana kallona.

Safiyar da za mu juyo, hadari ya haɗu ta gabas. Inna Rukiah ta fito da faten shinkafa da ganye irin nasu, yana tururi. Ka tsaya a kansa, hannunka na dama cikin aljihu. Ka kalle shi, ka juya, ka shiga mota ka kwanta. Tsohuwar nan ta biyo mu da kwano har bakin titi tana cewa, "Kipli, ɗan nan, ko taɓawa ce ka yi." Ka rufe ido.

Ni da nake cewa camfi ne, ni na karɓi kwanon. Na tsoma yatsa na shafa maka a leɓe, sai na ji gefen bakinka ya saki kamar ba naka ba. Na zaro hannunka daga aljihu, ya faɗi. Ashe tun asuba hannun ya mutu, kana ɓoyewa. Ba za ka taɓa abincin innarka da hagu ba, ba kuma za ka faɗi dalili a kwantar da kai a asibitin can ba.

Da harshe mai nauyi ka ce, "Tuƙa, Morshidi. Gida."

Norlia ta ce asibiti mafi kusa, Hasmah ta goyi bayanta. Suna da gaskiya irin tasu. Na kunna mota na nufi iyaka.

Na yi tuƙi a rayuwata, ban taɓa yin irin wannan ba. Ruwa ya sauko, manyan motocin kwakwar manja sun cika hanya, gonaki dama da hagu ba gida ko ɗaya. Ta madubi nake kallon ƙirjinka, ina jiran ya ɗaga. Wani wuri ya daɗe bai ɗaga ba, har na cire ƙafa daga kan totur, sai na ji ka yi tari. Norlia tana karanta Yasin a kanka, ta ƙi yi mini magana.

A iyaka dole kowa ya sauka a ga fuskarsa. Na rungumo ka a kafaɗata, ƙafarka tana jan ƙasa. Jami'in ya tambaya ko Baba lafiya. Ka ce masa tuƙin ƙanenka ne ya sa ka jiri. Da ƙyar aka gane maganar, amma ya yi murmushi ya buga hatimi. Da muka shigo ɓangarenmu ka tambaye ni ko mun wuce. Na ce mun wuce. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Likita ya ce da an kawo ka da wuri, wataƙila da ka tsira. Na ji ana maimaita wannan a zaman makoki, ana yin shiru idan na shigo. Ban yi musu da kowa ba, ba kuma zan yi ba. Ban san abin da asibitin Sambas zai iya ba, Allah kaɗai Ya sani. Na san dai abin da ka roƙe ni da bakinka kana da lafiya, ka kuma maimaita shi da rabin baki. Ni na sauka cikin kabarin na karɓe ka, kabarin mahaifiyarmu yana gefena.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da iyayenmu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa da jikokinsa, da Inna Rukiah da dangin Sambas, da abokan sana'arsa na kasuwar kifi. Ke kuma Yaya Norlia, Allah Ya ba ki haƙurin rashi, Ya sanyaya zuciyarki. Duk ranar da kika ga dama ki yi mini magana, ina nan. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.