Shekarun Giya a Haƙori Suke

Jiya na ji warin man giya a tasha, sai marigayi tsohon makanikenmu na Garwa ta Kamaru ya faɗo mini a rai.

Farkon samun 'yancin kai ne, akwatin giyar motata ya lalace, ga Inna kwance a Tibati tana nemana. Na samo wani na hannu. Kano giyabos suke cewa, Garwa kuwa buwat. Sai sa'an motata a shekaru zai zauna. Na karanta wa Baba makanike lambar murfin, ina taƙama da Faransancina.

Bai ko kalle ta ba. Ya buɗe, ya tsoma yatsu cikin baƙin mai, ya lumshe ido yana shafa haƙoran, kamar Bafulatani a kasuwar shanu.

"Ɗana, murfin aro ne. Wannan ya girmi motarka nesa. Wa ke tambayar saniya takardar haihuwa?"

Ya kwance na motarsa, sa'ar tawa, ya ɗaura mini. Na tarar da Inna da sauran numfashi, ta sa mini albarka.

Na ga garejin Legas da na Marsel ta Faransa, duk littafi suke buɗewa. Allah Ya sa waɗannan yatsu su karɓi littafinsu da dama.