Kunnen Malam Abdulbaƙi

Tarihi zai shaida cewa a Kalgo aka ceto muryar magabata daga bakin kabari, aka kuma nuna wa duniya cewa mutanen Gwandu sun iya rubuta karin waƙa ba tare da sun nemi izinin Turai ba. Farfesa Basharu, shugaban cibiyarmu ta nazarin tsoffin waƙoƙi, shi ya faɗi haka ranar ƙaddamar da littafinsa. An yi tafi, ni ma na yi. An gode wa kwamiti, an gode wa masu abinci, har wanda ya ba da aron kujeru ya ji sunansa. Akwai mutum ɗaya da nake so in ƙara.

Malam Abdulbaƙi Albarka shi ne mai kula da ɗakin sauti. Kowace safiya yakan sauka daga motar Gwandu, ya buɗe ɗakin, ya goge bakin rakoda da auduga, ya zira biro a ramin kaset ya juya har zaren ya daidaita. Sannan ya ɗora hedifon a kai ya zauna. An ɗauki kaset-kaset ɗin nan tun ba a haifi ɗalibanmu ba, a zaurukan Gwandu da ƙauyukanta: tsofaffi suna rera waƙoƙin wa'azi na ajami, awaki da masu daka suna taya su.

Ga asalin aikin. A Turai ta zamanin da, masu waƙar coci sukan yi 'yan ƙugiyoyi a saman kalmomi don su tuna inda murya ke hawa da inda take sauka. Farfesa ya ga jajayen ɗigo a saman baitocin wasu tsoffin takardunmu, ya ce mu ma ga namu. Wasu abokan aiki suka ce ado ne kawai na mai alƙalami. An yi tarurruka a kan haka, kaji da yawa sun rasa rayukansu. Amma hanyar gwaji ɗaya ce: wani ya zauna ya saurari tsofaffin nan baiti-baiti, ya zana hawan muryarsu da saukarta, a gwama da ɗigon. Ba a yi taro a kan wanda zai zauna ba.

Idan kaset ya tsufa, muryar kan nutse cikin shuuu, sai an ƙure ƙara ake tsamo ta. A haka kunnen hagu na Malam ya tafi. Likita ya ce ya ajiye hedifon, in ba haka ba na dama zai bi ɗan'uwansa. Ya sanar da cibiya. Cibiya ta yi masa fatan samun sauƙi.

Ana nan sai Lauratu, ɗalibar digiri na biyu, ta kai ga kaset ɗin marigayiya Inna Delu ta Masama. Tsohuwar kaɗai aka taɓa ɗauka tana rera waƙar da ta fi kowace yawan ɗigo, kuma kaset ɗinta ya fi kowane dushewa. In ba a zana shi ba, babu kundin digirin Lauratu. Lauratu ce ta ba ni labarin. Ta miƙa hannu za ta ɗauki hedifon, Malam ya janye shi.

"Baba, aikina ne hwa."

"Mi kika ce?"

"Na ce aikina ne!"

"To rage tsawa, rabin kurma ne ni, ban cika ba. Ɗiyata, kunnuwanki sabbi ne. Da su za ki ji kukan ɗiyanki da tsegumin dangin miji. Nau sun ci zamaninsu."

"Ai likita ya hana ka."

"Likita bai ji Inna Delu ba. Ni ma ban ji ta ba tukuna, tsohuwar ga rowar murya gare ta. Ba ni fensir."

Haka ya bi waƙar har ƙarshe, yana zanawa, yana rera wa Lauratu abin da ya ji da muryarsa mai kama da ƙofar langa-langa, ita kuma tana dubawa a takarda. Ta ce idan ya cire hedifon, sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Ɗigon sun dace da murya a wasu baitoci, a wasu ba su dace ba. A littafin Farfesa, waɗanda suka dace sun samu babi guda, sauran sun samu layi biyu a ƙasan shafi. Lauratu ta kawo su duka a kundinta, ta kuma ci jarrabawa. Ko magabata sun rubuta kari ko ba su rubuta ba, har yau ban sani ba. Na dai san yanzu akwai ɗalibai a Kalgo da ke rera waƙar kamar yadda tsohuwar Masama ta bar ta.

Kai ne, Malam Abdulbaƙi, mijin Fatsuma, mai tsamo murya daga rijiya. Kai ne ka san abin da aikin zai ci, ka duba ɗakin, ka zaɓi wanda zai biya. Mu da ke koyar da darasin sadaukarwa mun fi gane shi a allo. Ga shi ka yi ritaya a watan jiya. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu tasowa kuma su yi koyi da kai wajen tsayawa tsakanin ƙaramin ma'aikaci da abin da zai cuce shi. Manya su yi koyi da kai tun da wuri, don kada a sake buƙatar irinka.

Na je Gwandu in karanta masa wannan rubutu, na ƙare da miƙa masa takardar ya karanta da kansa. Muna zaune a soro aka kira la'asar a masallacin da ke manne da katangarsa, da lasifika. Ya ci gaba da ba ni labarin Inna Delu. Matarsa Fatsuma ta leƙo, ta taɓa kafaɗarsa, ta ajiye buta a gabansa.