Malam Sabo Mai Faranti

Duk wanda ya san Malam Sabo a Gaya ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya ja maka fatar ido ƙasa ya leƙa. In ya ga ja, ya ce, "Madalla, to ina kwana?" In ya ga fari, kai da gaisuwa sai ka ci alayyafo. Har liman bai tsira ba.

Shekarunsa na aiki duka a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kano ya yi su, ya dawo gida da fansho da farantan gilashi, da kuma wani irin girmamawa ga ƙwayoyin cuta wanda ban taɓa ganin ya yi wa ɗan siyasa ba. Ni da na yi hedimasta, na ɗauka na san bayani, sai da na ji shi a majalisarmu.

"Hedimasta, dafin wata ƙwayar ɗaiɗai yake fita, ba ya cutar kowa. Sai ya sauka a kan jar ƙwayar jininka, guda bakwai su haɗu, su yi da'ira, su huda rami kamar bakin rijiya. Ruwa ya kwarara ciki, ƙwayar jini ta fashe, su kwashe sinadarin ƙarfen da ke ciki. Kuma duk a rubuce yake cikin halittarsu, kaka da kakanni! Ba sa ma sakin dafin sai sun ji yawansu ya kai."

Na ce, "Wato sai taro ya cika?"

Ya ce, "Ƙwarai. Mu kwamitin gyaran masallaci yaushe rabon da mu cika bakwai?"

Farantansa na renon ƙwayoyin cuta da jinin rago ake haɗa su, saboda haka ya ajiye wani rago da ya samo a Toranke, yana ɗibar masa kaɗan da sirinji, ya biya shi da harawa. Duk Babbar Sallah sai matarsa Hajiya Talatu ta tayar da maganar.

"Malam, ragon nan fa ya isa layya."

"Talatu, ma'aikaci ne. Kin taɓa jin an yanka ma'aikaci?"

"To ai ya kusa ritaya!"

Da tsufa ragon ya mutu, haƙori ko ɗaya babu.

Wata bazara fartanya ta sare ni a ƙafar hagu a gonata ta Balan. Na shafa toka na ce ya wuce. Kwana huɗu ƙafa ta koma turmi. Malam Sabo ya zo, ya dangwali ruwan ciwon da auduga, ya zana a faranti, ya liƙe. Ya ce abin yana son ɗumin jiki na kwana guda, ga shi babu wuta. Ina ya kai shi? Ƙarƙashin kazar Hajiya mai kwanci! Kaza ta sassare shi, ya ce, "Haƙuri, baiwar Allah, baƙon kwana ɗaya ne."

Washegari ya shigo, ya ɗaga farantin a hasken taga. Jan jini ko'ina, amma kewaye da kowane ɗigon ƙwayoyin da suka tsiro an share fes, har kana hango yatsansa ta baya.

"Subhanallahi! Hedimasta, dubi kyau! Abin da ido ba ya gani, dubi tsaftar aikinsa!"

"Sabo, ƙafata ce fa!"

"Ai shi ya sa. Abin da suka yi wa jinin rago, shi suke yi wa naka yanzu haka. Tashi, Kano za mu."

Na yi gardama, na ce sai an jima. Sai kawai ya ɗauke radiyona ya saka a mota. Dole na bi.

Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da sai an yanke. Shi kuwa Sabo yana can gefe yana nuna wa nas-nas farantin, kamar mai nuna hoton jika. Ni dai da na kalla, a ranar na gane bai taɓa yi mana wasa ba. Tsoron Allah ne ya zo masa ta wannan ƙofa.

Ranar da ya rasu, yara suka ce in hau mota saboda nisan maƙabarta. Na ƙi. Da ƙafata na taka, har bakin kabari.

Allah Ya jiƙan Malam Sabo, Ya haskaka makwancinsa, Ya nuna masa abin da ya fi wannan ban mamaki. Amin.