Taɓarya ta biyu

Mun tashi da asuba daga Bungudu, ni da abokina da muke haɗa kiɗa a kwamfuta. Mun gama sabon kiɗan dif-haus, irin wanda ba waƙa a ciki, sai bugu ɗaya da ke ta maimaituwa. Na gina shi ne a kan sautin lugude da na tsinta a tsohuwar wayata, na wani biki a gidan Inna, ƙanwar mahaifiyata, a Tsafe. Ranar Juma'a za mu sake shi, kuma na yi alkawari in Inna ta ce a'a, ba zai fita ba.

A Gusau muka sha koko da ƙosai a tsaye, ni kam ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Kuɗin mota ya sake tashi, ga shingen jami'an tsaro nan da can. Abokina ya roƙi direba ya saka kiɗan mu ji ra'ayin mutane. Aka yi shiru ana jiran mawaƙi ya shigo. Can direba ya daki rediyon, ya ce, "Malam, abin ga ya maƙale." Mota ta kwashe da dariya.

Mun iske Inna tana gyaran gero. Bayan fura da gaisuwa, na sa mata abin ji a kunne, na kunna mata kiɗan. Na kasa zama, ina ta kai da komowa a tsakar gida. Sai na ga ta ajiye faifai.

"Maido shi baya," ta ce. "Taɓarya ta farko tawa ce. Amma taɓarya ta biyun ga, mai jinkiri kaɗan, hannun Yaya ne. Sai ta jefa ta tafa kahin ta cahe."

Bara mahaifiyata ta rasu. Wata da watanni ina sauraron bugun nan, har na so in daidaita jinkirin, ban san ita ce ba. Na zauna a bakin turmi na yi kuka.

Inna ta ce in fitar da shi, amma kada in bari gangar Turawa ta danne Yaya.

A hanyar dawowa ban bari an kunna komai ba. Na tafi neman izini, na dawo da sanin abin da ke hannuna. Muna isa Bungudu na buɗe kwamfuta, na rage ƙarar kowane sauti, na bar taɓarya ta biyu a sama, da jinkirinta.