Shekarar da Kitsen Ragunan Gunnvor Ya Ƙi Tauri

A tsibirinmu na yammacin Norway, in aka yanka raguna a watan Oktoba, ba a sa wa haƙarƙari gishiri sai Gunnvor Sætrevik ta danna shi da babban yatsa. Shekara talatin tana wannan aiki, ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya isa ya sauke ta. Ragon da ya ci ciyawar tudu kitsensa fari ne, da tauri kamar kyandir, shi ke jure wata biyu a rataye iska na busar da shi. In ta ji laushi, sai ta dubi mai ragon ta faɗa masa abin da ya ba shi, waken suya ne ko dusar kanti. Ni maƙwabcinta, sau biyu tana kama ni.

Mijinta Oddleiv masunci ne da ya ajiye jirgi, ya rasa abin yi sai tausayin dabbobi. Shekarar da nake faɗa ruwa ya yi yawa, ciyawa ta ruɓe, raguna suka sauko daga tudu a rame. Shekarar kuma 'yarsu za ta kawo iyayen saurayinta cin abinci ranar Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti. Mutanen kan duwatsu ne masu tumaki ɗari uku, irin waɗanda ke cewa mu 'yan bakin teku har madararmu ƙarni take yi. Gunnvor ta ƙudura sai ta rufe musu baki da haƙarƙarinta.

Oddleiv ya karɓi kiwonsu, cikin mako biyar ragunan suka murje. Ranar yanka ta danna kitsen, yatsa ya nutse, ya fito yana sheƙi. Da na wani ne, da tuni ta yanke hukunci. Ta tambayi Oddleiv, ya rantse sha'ir kawai ya ba su. Ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba, in ban da kan girman kifi. Sai ta ƙaryata yatsanta, ta sa gishiri, ta rataye.

Naman sai ya kwana ya wuni a jiƙe kafin ya dafu. Lahadi da hantsi ta shimfiɗa ƙirare a gindin tukunya, ta jera haƙarƙari a kai ya turara. Awa uku yake so, jirgin fito kuwa ƙarfe biyu zai kawo baƙi. Na shigo mayar da tsani na tarar da ita tsaye, murfi a hannu. Kicin ɗin sai ƙarni, kamar an buɗe cikin tsohon jirgin kamun kifi.

Oddleiv yana goge cokulan da aka riga aka goge.

"Maigida, sau ɗaya zan ƙara tambaya," in ji ta.

Ya ce garin kifi ne, buhu biyu, wani abokinsa ya ba shi. Ya ce ai kakansa ma kifi yake ba tumaki in ciyawa ta ƙare, ba wadda ta yi ƙorafi.

"Tumaki masu ciki, a watan Maris. Ba ragon da wuƙa ke jira ba."

Ta dubi agogo. Ba lokacin jiƙa wani, ga sauran da ke rataye duk na ragunan da suka ci kifin ne. Gida ɗaya muka sani da ya jiƙa nama ranar, gidan maƙwabciyarmu Målfrid, wadda Gunnvor ta taɓa cewa a gaban matan coci da haƙarƙarinta za a iya ɗinka takalmi. Shekara shida gaisuwarsu ɗaga kai ce.

Ta sa riga, ta ce in biyo ta da tukunya. Målfrid ta saurare ta daga bakin ƙofa, ba ta ce mu shigo ba. Ta sa aka buɗe tukunyar, ta sunsuna a hankali, ta ɗauki lokacinta. Can ta ce za ta ba da nata duka, ita da iyalinta su ci dankali da ƙwai, amma da sharaɗi.

"In sun yaba, Gunnvor, ki faɗi mai shi."

Muka dawo kusan da gudu. Oddleiv ya buɗe kowace taga, sanyi har ƙashi. Naman ya nuna jirgi na busa ƙaho. Aka zaunar da ni a tebur, ina jin don in cike shiru.

Uban saurayin ya yanki kitse, ya tauna. 'Yar ta zuba masa ido. Can ya ce shekara sittin yana cin haƙarƙari, bai zaci na bakin teku zai kai haka ba, ya tambayi sirrin hannunta.

Målfrid ba ta nan. Ni kuwa na sa ido a faranti, ba zan tona ba. Gunnvor ta ajiye cokali.

"Na maƙwabciyata ne. Namu kifi suka ci."

Uwar saurayin ta sauke ajiyar zuciya, ta ce madalla, don tun daga ƙofa ta ji ƙarnin, ta ɗauka haka gidan yake kullum, har tana tunanin yadda ɗanta zai saba. Gunnvor ta dube ta, ta dubi Oddleiv, sannan ta ƙara wa matar nama.